Ina Waɗanda Anka Hana?

Kashin ƙarshe na Game of Thrones ya fita ne a daren 19 ga Mayu, 2019. A agogon Najeriya lokacin ya kama ƙarfe biyun dare, wayewar garin Litinin, ana tsakiyar watan azumi. Wani malamin ƙaramar sakandare, ɗan asalin Kwargaba a ƙasar Wurno, bai kalla ba a ranar. Ya san shirin yana da wuraren da sai mutum ya kau da kai, bai ga dacewar haɗa shi da tarawihi ba. Mako biyu ya yi yana kauce wa Facebook kamar mai gudun wanda ke bin sa bashi, don kada wani ya riga shi ya ɓata masa labari. Sai bayan ƙaramar salla ya shiga Sakkwato, ya tsaya wurin masu tura fim, aka zuba masa kashi shida na zango na takwas a memori, ya kamo hanyar gida.

Tun yana ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ya fara bin shirin. Ya san gidajen sarautar cikinsa da wanda ya haifi wane, ya san tsohuwar gabar da ke tsakanin Stark da Lannister kamar yadda ya san rikicin iyakar gona a fadamarsu. Dare uku ya yi yana kallon zangon ƙarshe. Da ya gama ya kife wayar a kan tabarma ya yi shiru. Abin da ya ji ya yi kama da na mai adashin da ya yi zubi har ƙarshe bai taɓa fashi ba, ranar kwasarsa uwar adashi ta miƙo masa rabi, ta ce lissafin ke nan.

Abu na farko da ya tsaya masa a rai shi ne mahayan Dothraki. A kashi na uku an kunna wa takubbansu wuta, suka yi sukuwa cikin duhu suka tunkari rundunar matattu. Daga nesa mai kallo yake ganin fitilun suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har fili ya koma baƙi ƙirin, 'yan tsiraru ne suka dawo a guje. Wuri ne mai kyau ƙwarai, kuma kyansa ya dogara ga abu ɗaya, wato cewa mutanen nan sun tafi ke nan. Sai a kashi na huɗu aka ce rabi ne suka mutu. A kashi na shida kuwa ga su nan sun cika fili a King's Landing, dawakai na haniniya, kamar ba su ne aka yi wa kisan kiyashi ba.

A wani wurin wannan ƙaramin kuskuren lissafi ne. A gabashin Sakkwato ya fi haka nauyi. Shekara guda kafin nan, a watan Yulin 2018, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyen Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da talatin, waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gandi. Malamin ya san masu 'yan'uwa a can. Ya san yadda gari ke zama bayan dare irin wannan: gonar da ba mai nomawa, sahun salla da ya ragu, yaran da aka rarraba wa dangi. Labarin da ya sa shi juyayin mutuwar runduna, sa'an nan ya dawo masa da ita bayan kashi uku saboda ana bukatar taro a hoto, ya karɓi juyayinsa ne a banza.

Akwai masu cewa bai kamata a nemi hankali a labarin da dodanni ke aman wuta a cikinsa ba. Wannan magana ba ta san yadda Bahaushe ke sauraron labari ba. Yaron da aka ce wa "ga ta nan, ga ta nanku" ya amsa, ya riga ya yarda gizo zai yi magana, kura za ta je kasuwa, ƙwarya za ta yi waƙa. Amma mai tatsuniya ta kuskura ta mai da Gizo mai kyauta da riƙon amana ba tare da dalili ba, yaran za su tsai da ita. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam mai karatu yana bin Alhaji har ƙasar aljannu ba ya ko ɗar, domin duk ramuwar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe tana da mafari, kowace ƙeta amsa ce ga wadda ta gabace ta. Mai labari yana da ikon kafa duk dokar da ya ga dama. Da zarar ya kafa ta, shi ne farkon wanda ta hau kansa.

Da wannan ma'auni zango na takwas ya yi ta faɗuwa. A kashi na huɗu jiragen ruwan Euron suka harbo dodo ɗaya daga sama, mashi uku suka same shi ba kuskure. A kashi na biyar dodon da ya rage shi kaɗai ya ƙone jiragen duka da manyan bakunan da aka jera a kan ganuwa, ko ƙwarzane bai samu ba. Ɗaya daga cikin marubutan ya bayyana cewa sarauniya Daenerys mantawa ta yi da jiragen, alhali a zaman shawarar da aka yi a gabanta an ambace su. An mai da Jon gadin Ganuwa a matsayin horo, ga shi Ganuwar ta riga ta fashe, abokan gabar da ake gadi dominsu sun ƙare, mutanen bayanta kuma sun zama aminai. Bronn, sojan hayar da a zango na uku ya ce bai taɓa cin bashi ba kuma bai san ka'idarsa ba, shi aka ba Ma'aji. Kofin shayin zamani da aka manta a kan tebur a kashi na huɗu, da gorunan ruwan roba da suka leƙo a kashi na shida, sun ba duniya dariya, amma malamin bai damu da su ba. Mantuwar ma'aikaci ce, kuma HBO ta goge kofin daga baya.

Wurin da ya fi damunsa shi ne zaman naɗin sarki, kuma bai gane girman ɓarakar ba sai da ya ba kawunsa labari.

Kawun dattijo ne mai fataucin albasa, bai taɓa kallon shirin ba, ba ya ma da niyya. Amma yana son labarin sarauta, kuma shekara da shekaru malamin yakan kawo masa shi da baki bayan la'asar, yana tsallake abin da bai dace ba. Ranar ya zayyana masa yadda Jon ya soke sarauniya, dodo ya narkar da karagar ƙarfe ya ɗauki gawar ya tafi, aka tara manyan ƙasa, aka fito da Tyrion cikin sarƙa. Shugaban rundunar da ke tsare da shi ya ce masa ba magana aka kawo shi yi ba. Bayan ɗan lokaci Tyrion ɗin ne ya yi dogon jawabi, ya ba da sunan Bran, kowa ya amince.

"Wa yaz zaɓe shi?" in ji kawun.

"Ɗaurarre ne ya kawo sunansa, Kawu."

"Ɗaurarre shi ka naɗa sarki? To, shi wanga yaro da kac ce shi na ɗan asalin gidan?"

"Ba wanda ya ko ambaci asalinsa."

Dattijon ya gyara zama. "Kai ɗan nan, ina waɗanda anka hana? Mi sunka ce?"

Ba su ce komai ba, kuma a nan giɓin yake. A zaman akwai aƙalla mutum biyar da suka san Jon ɗan halak ne na gidan Targaryen, sirrin da shirin ya shafe shekaru yana ginawa, har Varys ya rasa ransa a kansa. Akwai Gendry, ɗan sarki Robert da aka halatta. Sansa ta ce Arewa ta ɓalle, ɗan'uwanta da aka naɗa yanzun nan ya ce to. A wurin Yara Greyjoy na zaune, wadda tun zango na shida aka yi mata alkawarin 'yancin tsibiranta, ba ta buɗe baki ta ce ni ma ba. Yariman Dorne, ƙasar da ta fi kowace taurin kai, ko suna ba a ba shi ba. Shi kansa Bran ya taɓa cewa ba zai iya zama uban ƙasar ko'ina ba.

Kawun yana da dalilin tambayarsa, domin a ƙasar nan an san abin da ke biyo bayan naɗi. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Masana tarihi sun ruwaito cewa ƙanen Shehu, Abdullahi, ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. A cikin shekarar Abdussalami ya yi tawaye a Kware, sai da aka yi yaƙi. Tsakanin Bello da baffansa kuwa ba a daidaita ba sai bayan 'yan shekaru, a Kalambaina. Waɗannan malamai ne masu tsoron Allah, jini ɗaya, aƙida ɗaya, amma duk da haka sai da aka ɗauki lokaci kafin zukata su kwanta. Kabarin Bello yana nan Wurno, inda ya rasu a 1837.

A 1938 tattaɓa-kunnensa Ahmadu, hakimin Rabah, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka ba Abubakar na Uku. An naɗa Ahmadu Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Daga baya an shirya, amma duk wanda ke son fahimtar siyasar Arewa ta shekarun da suka biyo baya sai ya bi ta wannan takara. Ta 1988 kuwa kawun ganau ne, yana Sakkwato da kayan albasa. Abubakar na Uku ya rasu a farkon Nuwamba bayan shekara hamsin a gadon mulki, aka sanar da ɗansa Muhammadu Maccido, bayan 'yan kwanaki gwamnatin soja ta Babangida ta tabbatar da Ibrahim Dasuki. Gari ya hargitse, aka yi ƙone-ƙone da asarar rayuka. A Afrilun 1996 gwamnatin Abacha ta tuɓe Dasuki ta naɗa Maccido. Masarautar da ke da majalisar zaɓe tsayayya, da Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari da sauransu, kowa ya san kujerarsa, ita ma kusan shekara takwas ta yi tana ɗauke da miki ɗaya.

Abin takaicin shi ne Game of Thrones ya san wannan sarai. Da shi ya yi suna. Mutuwar sarki Robert a zango na farko ita ta haifi yaƙin sarakuna biyar. Alkawarin aure ɗaya da Robb Stark ya saɓa shi ya jawo aka yanka shi da uwarsa a wurin biki. Zango bakwai shirin yana koya wa mai kallo cewa ba wanda ake hanawa ya haƙura, ba ƙaramin raini da ba a biyan farashinsa. A minti goma sha wani abu na zaman ƙarshe sai mutanen da aka san su da ƙwace da ƙullata suka zama masu gyaɗa kai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An gina shirin a kan littattafan George R. R. Martin, wanda na biyar ya fito a 2011, shekarar da aka fara haskawa. Daga zango na shida David Benioff da D. B. Weiss sun wuce inda littattafan suka tsaya, suna tafe da sanin inda za a sauka amma ba taswirar hanya. Sa'an nan suka rage tafiyar. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na bakwai ya zo da bakwai, na takwas da shida. Tafiyar da a da take cin rabin zango ta koma ta ƙiftawar ido, shawarar da a da ake kwana uku ana ja-in-ja a kanta ta koma jimla ɗaya.

Adalci ya sa a ce ba duk abin da ya ɓata wa masu kallo rai ne giɓi ba. Ƙona birni da Daenerys ta yi yana da tushe, domin ita ce ta gicciye iyayen gijin bayi a Meereen, ita ta ƙona Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusawa. An dai yi gaggawar kai ta can. Sarautar Bran ma ana iya kare ta, da an ba ta zango guda na ƙulle-ƙulle da cinikin goyon baya da masu fita daga zaure a fusace. Mutum fiye da miliyan ɗaya sun sa hannu a wata takardar koke ta intanet suna neman a sake zangon. Malamin bai sa ba. A ganinsa abin da aka ci an ci, kuma kuɗin data ya fi amfani a wani wuri.

Ya goge zango na takwas daga memorin don ya sami wurin ajiye hotunan takardun jarrabawa, ya bar sauran bakwai. Bayan kwana biyu ya sami kawun a ƙofar gida yana warware igiyar buhu.

"In ka samu sauran," in ji dattijon, "ka zo ka gaya mani abin da macen nan ta jiragen ruwa tay yi."

"Kawu, ai babu saura. Ya ƙare."

Dattijon ya dube shi, ya ce to, ya jawo buta ya fara alwalar magariba. Da damina ta faɗi, ranar da suka dawo daga shukar gero, sai da ya sake tambaya.