Zuwa ga ƙanena a Samaru

Mu nan Gombe lafiya lau, sai zafi.

Na karanta saƙonka, inda ka ce tunda malamai sun saɓa, masana falsafa ma sun saɓa, to kowa da gaskiyarsa, ba mai ikon ce wa wani ya kuskure. Farkon zancen na yarda da shi, amma ƙarshensa ka yi gaggawa.

Dubi sahun Juma'a a masallacin ƙofar Sarki. Wani ya yi ƙabalu, na gefensa ya saki hannu. An sha kai ruwa rana a kan wannan a Arewa tun da almajiran Shehu Ibrahim Inyass suka yawaita, ga shi kuma liman ɗaya ake bi, domin kowane ɓangare yana da hujjar da malamai suka san asalinta. Amma wani ya miƙe ya ce shi Juma'arsa raka'a uku ce, ra'ayinsa ne, ka gani ko masu ƙabalu da masu sadalu ba za su haɗa baki su tsawata masa ba. Saɓani yana da fili mai faɗi, amma filin da shinge.

Imamu Malik, da halifa ya so ya ɗora wa kowa littafinsa Muwaɗɗa, ƙi ya yi, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilimin da ya isa gare shi. Wannan bai hana shi yi wa wasu raddi ba. Shehu Usmanu, wanda ya ba Modibbo Bubayero tuta, ya ja kunnen almajirai a littafinsa Najmul Ikhwan kada su riƙa inkarin abin da malamai suka saɓa a kai, alhali shi da ƙanensa Abdullahi sun yi ta musayar hujja a rubuce. Ai ba ka wahalar kawo wa mutum hujja sai in ka yarda ɗayanku zai iya kuskure. Shi Isaiah Berlin ɗin da kake ji da shi ma cewa ya yi kyawawan manufofi suna da yawa, har suna karo da juna, irin 'yanci da daidaito, amma ba su wuce iyakar abin da ɗan Adam zai iya fahimta ya auna ba.

Kai ba a haife ka ba a watan Afrilun 1985, lokacin da 'yan Maitatsine suka tayar da fitina a unguwar Pantami, nan Gombe. Su ma a ganinsu gaskiya suke kai. In kowa da gaskiyarsa, da wane baki za ka ce musu sun ɓata? Wannan nake so ka amsa mini, a rubuce, kafin ka zo hutu.

Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da saƙonta.

Yayanka