Ba kowane tari ba ne yake buƙatar antibiyotik

Hunturu ya kama, ƙura ta tashi, daga Maraɗi har Damagaram da Tawa babu gidan da ba a jin tari da atishawa. A irin wannan lokaci ne CSI ke cika maƙil, kuma a nan muke jin maganar da muka saba ji: "Likita, a rubuta mana amoksisilin," ko "a yi masa allura dai." In likita ya duba yaro ya ce mura ce, a ba shi ruwa da farasitamol, sai uwa ta fito tana cewa wannan bai san aiki ba. Daga nan sai wurin mai tallar magani a bakin kasuwa, a sayi kafso huɗu a buɗe a zuba wa yaro a koko.

To mu tsaya mu fahimci abin. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro, ƙwayar bairos ce ke kawo su. Shi kuwa antibiyotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Mura takan lafa cikin mako guda ko kwana 10, tarin ma yakan ɗan jima bayan haka. Shi ya sa in an sha kafso aka warke, sai a yaba wa kafso, alhali jiki ne ya yi aikinsa.

Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Duk lokacin da aka sha antibiyotik, bakteriya marasa ƙarfi da ke jikinmu suna mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa, har su bazu ga mutanen gida. Ranar da ciwon huhu na gaske ya zo, sai a tarar maganin jika guda ya daina ci, sai mai tsada, in ma akwai shi. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928 ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna.

Ba cewa muke a zauna gida ba fa. Ciwon huhu yana kashe yara, kuma shi amoksisilin ne maganinsa. Mu lura da numfashi: yaro daga wata 2 zuwa 11 in yana numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 sau 40, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono, a ruga da shi likita. Zazzaɓi a yi gwajin maleriya. Tarin da ya wuce mako biyu a bincika tarin fuka.

Abin da ya rage namu shi ne mu sauya tambaya. Maimakon "ina allura?", mu ce: "Likita, wace alama zan gani in dawo da shi?" In mura ce, ruwa da yawa, nono, hutu, da zuma ga wanda ya wuce shekara guda. In kuwa an rubuta antibiyotik, a sha shi yadda aka ce, kada a ajiye saura don maƙwabci. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.