Za mu Tawa, amma ba asibiti ba

Muna gaishe ku daga ƙungiyarmu ta nan ƙasar Barmu, arewacin Adar. Wannan karon ba labarin rabon riba munka kawo muku ba. Labarin wata tahiya ce da muke shiri, kuma mun ga ya kamata mu baje muku yadda munka tsara ta, ko wata ƙungiya ta ɗauki abin da zai amfane ta.

Maganar ta taso ne ranar zubi, bayan an kulle akwati. Magatakardarmu ta tambayi mata, kowa ta faɗi abin da ya kai ta Tawa zuwanta na ƙarshe. Mu 28 ne a ƙungiya. Da anka zagaya, sai ga shi kusan kowa abu ɗaya take faɗi: jinya, haihuwa mai gardama, karɓar kuɗɗin da maigida ya aiko daga Abijan ko Libiya, ko ta'aziyya. Mun san tasha, mun san ƙofar asibiti, mun san layin gidan aike. Shida daga cikinmu ma ba su taɓa taka garin ba. Babu wadda ta ce ta je don ta ga garin da idonta, hankali kwance.

Nan ne tsohuwarmu, wadda duk muke kira Inna, ta yi magana. A Bilbis anka haife ta, cikin tsohon gari, anka kawo ta aure nan tun tana yarinya. Iyayenta sun rasu, ƴan uwan sun watse, rabonta da unguwar ya fi shekara 20. Yanzu idonta ya fara hazo. Ta ce: "Ɗiyana, ni dai in da hali ku kai ni in ga zauren gidanmu tun ina iya ganewa. In ido ya tahi, ko kun kai ni me zan gani?" Wurin ya yi tsit. Daga ranar nan maganar ta bar wasa.

Ba a rasa gardama ba. Ma'ajiyarmu ta ce kuɗɗin asusu na bashi ne da sana'a, ba na yawon buɗe ido ba, kuma in anka taɓa su yau don tahiya, gobe wata za ta ce a taɓa don buki. Gaskiya gare ta, kowa ta yarda. Tun da Mata Masu Dubara ta kafu a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe ƙungiyoyi shi ne ba a wasa da akwati. Sai munka yanke cewa ko dala ba za a cire daga uwar kuɗɗi ba. Munka buɗe wani zubi na dabam, wadda ke son zuwa ta zuba dala hamsin kowane mako har mako 16, ya kama jaka 4 ke nan kowace mace. Mata 17 sunka shiga. Inna ba ta da ƙarfin zubi biyu, sai taro ya amince a biya mata jaka 4 ɗinta daga kuɗɗin tarar latti. Wata ta ce ashe lattinmu zai yi rana, anka yi ta dariya.

Mu 18 ke nan, kuɗɗi jaka 72. Ga yadda munka kasa su. Shatar mota zuwa da dawowa jaka 45, mun yi ciniki da direba a gaban shaidu, an ba shi rabi, sauran sai ya sauke mu gida. Abincin rana jaka 9. Goro da ɗan abin gaisuwa jaka 5. Kabu-kabu ko adaidaita don Inna da masu ciwon ƙafa jaka 4. Sauran jaka 9 suna hannun ma'ajiya saboda abin da ba a fata, in ba a taɓa su ba a maido wa masu su.

Mata goma da ba za su ba, ba a bar su haka nan ba. Su za su duba muna yara da bisashe ranar, su ba tumakin kiwo ruwa da harawa. Mu kuma duk saƙon da sunka ba mu, sabulu ne, gishiri ne, zare ne, za mu sayo musu kan kuɗɗin sari, ba mu ɗora ko tamma.

Sai zancen rana. Mun zaɓi Lahadi, don ita ce ranar babbar kasuwar Tawa. Wasu sun ce cunkoso zai yi yawa, tsohuwa za ta wahala. Amma ranar kasuwa hanya ba ta rabuwa da motoci, in tamu ta lalace ba za mu kwana daji ba. Kuma da jifa ɗaya za mu ga tsohon gari da safe, mu ga ciniki da rana. Mun sa ta cikin watan Janairu, an gama kaka, an shigar da hatsi rumbu, ga sanyi, ana iya yawo da ƙafa ba a galabaita ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Shugabarmu ta san wata shugabar ƙungiya a Tawa, sun haɗu wurin horo. Mun kira ta, ta yi murna, ta ce gidanta ne masaukinmu, kuma za ta haɗa mu da wata dattijuwa da ta san lungunan tsohon gari kamar tafin hannunta. Ita ce ta gargaɗe mu cewa kada mata 18 su faɗa unguwa kamar fari. A fara da gaida mai unguwa, a miƙa goro, a faɗi abin da ya kawo mu. Kada a leƙa gidan kowa ba sallama. Mai waya kada ta ɗauki hoton mutum sai ta tambaya.

Kafin mu tahi mun so mu san abin da za mu gani, don kada mu yi kallon da ba fahimta. Mu da munka yi yaƙi da jahilci munka tattaro abin da munka ji daga tsofaffi da malaman lakwal, muna karanta wa sauran bayan zubi. Tawa, wadda ake rubutawa Tahoua a allunan hanya, ba gari ɗaya ba ce tun farko. Ƙauyuka biyu ne sunka haɗe, Bilbis da Fakawa, har sunka zama gari. Ƙasarmu ta Adar kuwa, Agabba ɗan Sarkin Agadas ne ya kafa sarautarta bayan ya ci Kabi da yaƙi, sama da shekara 300 da sunka wuce, kuma gidan Sarkin Adar yana Illela har yau. Da Turawan Faransa sunka zo a farkon shekarun 1900, sai sunka kafa barikinsu a Tawa, daga nan garin ya yi ta girma har ya zama babban birnin jiha. Jami'ar garin ma sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi, masanin da ya rubuta tarihin Adar.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne sunayen unguwanni, don suna kan faɗi labari. Kurfayawa, ka ji sunan ka san mutanen Kurfai ne, can wajen Filinge. Kufan Tawa, kowa ya san kufai wuri ne da anka taɓa zama anka tashi. Sabon Gari da Wadata sun nuna daga baya sunka zo. Akwai Tugulawa, akwai Garkawa, akwai Geben Zogi. Da anka karanto Maɓoya Amare kuwa sai guɗa ta tashi, wata ta ce lalle a kai ta ta ga inda ake ɓoye su. Mun rubuta tambayoyinmu a takarda, za mu yi wa tsofaffin unguwa: su wa sunka fara zama nan, wace rijiya ake sha a da, wace sana'a matan unguwar sunka gada.

Ga tsarin ranar. Bayan sallar asuba kowa ta hallara bakin garka, mota ta tashi ƙarfe 6. Wadda ta makara ba a jiran ta, kuma kuɗɗinta sun tahi, haka taro ya yanke. In mun isa mu sauka gidan mai masaukinmu, mu sha hura, mu kama hanyar Bilbis tun rana ba ta ɗaga ba. Inna ce gaba. Mun gaya mata gaskiya tun yanzu: mai yiwuwa an rushe gidan an yi na siminti, mai yiwuwa baƙi ne a ciki. Ta ce ta sani, ko ƙasar wurin ta taka ya ishe ta. Daga nan mu ratsa sauran tsofaffin unguwannin da ƙafa ta iya kaiwa, mu duba ginin laka da zauruka, mu gaida masu sana'a, mu leƙa tabkin Babaye.

Azahar a masauki, a yi salla, a ci abinci tare da matan ƙungiyar can. Wannan zaman muna sa masa rai ƙwarai. Muna so mu ji nawa suke zubi, yaya suke yi da wadda ta kasa biyan bashi, wace sana'a ta fi tafiya cikin birni. Su ma sun ce suna son jin yadda muke kiwon ragunan Layya.

Bayan azahar sai kasuwa, kuma can ma da aiki. Mun kasu gida uku. Kashi na farko za su wajen masu tabarmi da faifai, su ji nawa ake sayar da irin waɗanda dillalai ke karɓa hannunmu a ƙauye. Mun daɗe muna zargin ana cin guminmu, to gani ya kori ji. Kashi na biyu za su kasuwar bisashe su ji kuɗɗin ɗan rago da na dusa. Na uku su yi sayayyar saƙonni, su tambayi sarin albasa da cuku, tunda cukun Tawa ya yi suna har Yamai. Kowane kashi da mai biro da takarda. Abin da anka rubuto shi za a karanta a zubi na gaba.

In lokaci ya rage, direba ya yarda ya zagaya da mu ta filin kokowa. A Tawa ne anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, muna ta ji a rediyo ba mu taɓa ganin filin ba. Mu ga kuma gidan matasa na Albarka Cibau, da titunan da anka gyara lokacin bukin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017. Amma ƙarfe 4 da rabi kowa na cikin mota. Ba ma son dare ya same mu a hanya, kun san yadda zamani ya koma.

Akwai ƙananan abubuwa da sunka fi ƙarfin a manta. Na farko katin shaida. An taɓa sauke wata tamu daga mota a wani shinge saboda ba ta da shi, ta yini rana da jinjiri. Da munka bincika, biyar cikin masu tahiya ba su da kati, tun watan jiya sunka fara neman takardunsu. Ko ba don wannan tahiya ba, ribar ta fito. Na biyu, duk za mu ɗaura zanen 13 ga Mayu, na ranar matan Nijar, don a hango juna cikin taro. Na uku, kowa da abokiyar tahiyarta, mai waya a haɗa ta da marar waya, kuma kowace ta ƙulle takarda mai lambar shugaba a bakin zane. Kowa ta riƙo ruwanta. Kuɗɗi a lalita, ba a jakar hannu ba.

Abin da ya fi wuya shi ne izini. Mazan yawancinmu suna bida, tun bayan kaka sunka tahi. Mun ce kowa ta nemi yardar maigidanta da bakinta, ta WhatsApp ko ta kira, ta kuma sanar da uwar miji, kada a ji daga bakin wani. Da yawa sun amince da sunka ji akwai dattijai a ciki kuma a yini za a dawo. Wani ma ya aiko wa matarsa jaka 2 ta sayo wa yara kilishi. Amma har yanzu da sauran ɗaya. Mijinta yana Libiya, wayarsa ba ta shiga wata biyu ke nan, ƙanensa kuma ya ce ba zai ɗauki nauyin barinta ba. Ta zuba kuɗɗinta cif, ba ta taɓa fashi ba, kuma tana cikin waɗanda ba su taɓa ganin Tawa ba. Ba mu ce ta tahi a ɓoye ba, ba ma son tahiyar yini ɗaya ta jawo mata fitinar shekara. Inna da shugaba sun je sun gaida uwar mijin da goro, ta ce a ba ta kwana biyu ta yi magana da ɗan nata. Muna jira. In ba a dace ba za a maida mata jaka 4 ɗinta, kuma tsarabarta tana wuyanmu.

Ƴan uwa na Kalfu, Afala, Bambai, Takanamat, Tamaske da Keita, in akwai ƙungiyar da ta taɓa irin wagga tahiya, ku aiko muna da shawara ta hannun mai kawo jarida kafin ranar. In mun dawo za mu rubuto muku abin da munka gani, da kuɗɗin kaya yadda munka iske su, da ko Inna ta gane zauren gidansu.

Ku sa mu cikin addu'a. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya, ya sa albarka cikin asusunmu baki ɗaya.