KAFIN KA SAYI NA'URAR KWASHE BIDIYO, TAMBAYI KWAMFUTARKA



Maganar da na zo da ita yau ba ta ƙa'idojin rubutu ba ce, amma za ta amfani duk mai neman abin rubutawa daga bakin mutanen da. A garuruwanmu na kudancin Katsina, Malumfashi da Funtua da Bakori da Ƙafur, da wuya ka shiga babban gida ka rasa kwalin kaset ɗin bidiyo a ƙarƙashin gado ko a saman durowa. Daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000, idan damina ta yi kyau aka sayar da auduga da masara, biki ba ya cika sai an ɗauko mai ɗaukar bidiyo. A cikin waɗannan kaset-kaset akwai kamu da ɗaurin aure, akwai walimar saukar Alƙur'ani, akwai tarbar alhazai, akwai hawan sallar Galadiman Katsina a nan Malumfashi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zama a Funtua, ya rasu a 1999, don haka duk wanda ya ɗauke shi yana wasa a gidan biki, a kan kaset ya ɗauke shi. Hatta fina-finan Hausa na Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, a kan kaset suka fara shiga gidajenmu.

Damuwar ita ce kaset ba ya jiran kowa. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da tsarin VHS a 1976, kamfanin Funai kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna shi, ya daina a watan Yulin 2016. Na'urorin da suka rage duk tsofaffi ne. Zaren kaset ɗin shi ma zafin bazara yana gasa shi, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, laimar damina kuma tana sa ya yi fumfuna. Mafita ita ce a kwashe abin da ke ciki a zuba a kwamfuta tun ana iya kallonsa.

Abin da ke wannan aiki wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tsawon yatsa ba. Kai ɗaya ana soka shi a ramin USB na kwamfuta, ɗaya kan kuma wayoyi ne: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai suna EasyCap. Aikinta aikin tafinta ne. Kaset yana fitar da hoto a matsayin igiyar lantarki, kwamfuta kuwa lambobi kawai take ji, sai na'urar ta tsaya a tsakani tana fassarawa. Tafinta kuwa dole ya ji harshen ɓangarori biyu. Idan ya ji na kaset bai ji na kwamfutarka ba, kuɗinka sun tafi.

Ni abin da ya jefa ni cikin wannan harka shi ne difloma da na yi a kimiyyar kwamfuta. Kun san halin gida, da zarar ka yi irin wannan karatu, daga gyaran rimot har cike takardar jarrabawa duk kai ne. Wan mahaifina ya aiko mini da kwali mai kaset goma sha ɗaya, ya ce a ɗaya daga ciki akwai mahaifiyarsu, wato kakata, wadda ta rasu kafin in yi wayo. Ya ce, "Ɗana, ka fito mini da Inna in sake ganinta." Na ce, "Baffa, ku ba ni lokaci, sai na bincika kayan aikin tukuna." Dalilin da ya sa ban yi gaggawa ba shi ne abin da ya sami wani abokina. Ya sayo irin wannan na'ura a wani shago a Kano, ta ƙi aiki a kwamfutarsa, alhali ta maƙwabcinsa mai suna ɗaya da kwali ɗaya tana aiki lafiya lau. Da ya koma, mai shagon ya ce an riga an buɗe kwali. Ga kuɗin na'ura, ga kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu.

Kama da wane ba ta wane. Sunan EasyCap kamfanoni da yawa ne ke bugawa a jikin robar, amma ƙwaƙwalwar da ke ciki daban-daban ce. Wata ta Syntek ce, wata ta Empia, wata ta Somagic, wata ta Fushicai, sababbin kuma galibi ta MacroSilicon. Kowace tana da tata manhajar da ke gabatar da ita ga kwamfuta, wadda ake kira direba. Direban wannan ba ya tuƙa waccan. Ga yadda na bi abin daki-daki.

Da farko na duba kaset ɗin kansa. Babban kaset na VHS yana buƙatar na'urar bidiyo mai ramukan rawaya, fari da ja a baya. Ƙaramin kaset na Hi8 sai da kyamarar da ke cin irinsa. Akwai kuma ɗan mitsitsin MiniDV, wanda shi hotonsa tun asali lambobi ne, hanyarsa mafi kyau ita ce wayar FireWire, ramin da kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da shi. A nan ne ake yawan yi wa mutane musaya. Ka ce kana son na'urar kwashe bidiyo, a miƙo maka mai ramin HDMI, wadda aka yi don kyamarorin zamani da masu watsa taro kai tsaye. Wannan ba ta da inda za a soka wayar rawaya.

Na biyu, tsarin hoto. Talabijin a Najeriya ya yi amfani da PAL, mai layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa, kamar Ingila da Jamus. Amurka da Japan suna kan NTSC mai layi 525 da hoto kusan 30. Nijar kuma ta bi SECAM irin na Faransa, don haka kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi yana iya fitowa baƙi da fari a na'urarmu. Na'urar bidiyo ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka ba ta karanta kaset ɗinmu, kuma wutar 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, soka ta kai tsaye ƙona ta ne. Ita ma na'urar kwashewar sai ka tabbatar tana karɓar PAL, sannan a cikin manhaja ka zaɓi PAL da girman 720 da 576. Idan aka bar ta a kan NTSC, hoton zai fito babu launi, ko yana birgima, ko an yanke ƙasansa, mutum ya zaci na'urar ce ta lalace.

Na uku, kwamfutar. Wane Windows ne a kanta, kuma mai bit 32 ne ko 64? Wannan yana rubuce a shafin bayanin kwamfutar cikin saituna. Yawancin tsofaffin na'urorin nan an rubuta direbobinsu ne a zamanin Windows XP da Windows 7, kuma Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban da ba shi da hatimin amincewa. Ga shi direban a kan ɗan ƙaramin faifan CD yake zuwa, laftof ɗin yanzu kuma ba shi da wurin sa faifai. Ramin USB ma abin dubawa ne. Ana buƙatar USB 2.0 ko sama, kuma a soka na'urar a jikin kwamfutar kai tsaye, kada ta bi ta abin raba rami da filasha da sauran tarkace suke ciki, don hoton yana cin kaso mai yawa na hanyar.

Na huɗu shi ne ya fi muhimmanci, kuma minti biyu ya isa. Soka na'urar, ka buɗe wurin da Windows ya kira Device Manager. Idan ka ga alamar motsin rai rawaya a gefen sunanta, kwamfutar ta ga baƙo amma ba ta san shi ba. Shiga bayanansa ka nemi Hardware Ids, za ka ga lambobi huɗu bayan VID. Wannan shi ne sunan yanka na ƙwaƙwalwar da ke ciki, wanda kwali ba zai gaya maka ba. 05E1 Syntek ce, 1B71 Fushicai ce, 534D MacroSilicon ce. Ta ƙarshen nan kwamfuta tana ɗaukarta kamar kyamarar hira, ba ta neman direba. Sauran sai ka nemi direban da ya dace da lambar da kuma Windows ɗinka. Idan babu, akwai wata ƙofa: Linux, irin su Ubuntu, yana zuwa da direbobin Syntek da Empia da Fushicai a cikinsa. Wadda na aro don gwaji 1B71 ta nuna, na nemo mata direba mai bit 64, ta tashi.

Na biyar, gwaji, kuma kada a yi shi da kaset ɗin da ake ji da shi. Tsohuwar na'urar bidiyo tana iya tauna zare. Na fara da wani kaset ɗin fim da babu mai nemansa, na naɗi minti goma da manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce. Sannan na kalli abin da na naɗa ina lura da abu uku: launi ya fito, hoto ba ya tsalle, kuma baki yana tafiya tare da murya har ƙarshe. Sautin a matsayin makirfo daban yake bayyana, idan ba ka zaɓe shi ba, hayaniyar ɗakinka za ka naɗa.

Na ƙarshe, wuta da wurin ajiya. Kaset mai lamba E-180 awa uku ne, kwashe shi ma awa uku ne cur, babu hanyar gaggawa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, zaren yana nan naɗe a cikin na'ura. Ni sai da na shirya da wani mai shagon cajin waya da ke da sola da batir. Hoton da ba a matse ba yana cin fiye da gigabait 70 a awa ɗaya, don haka a saita manhajar ta matse shi, a kuma tanadi rumbun ajiya na waje. Kafin a sa kowane kaset, a karya ɗan harshen roba da ke gefensa don kada a yi kuskuren naɗa wani abu a kai, a kuma leƙa tagarsa. Idan an ga fari-fari kamar gari a kan zaren, fumfuna ce, za ta ɓata kan na'urar ta kuma shafa wa sauran kaset.

Cikin goma sha ɗaya na Baffa, takwas suka fito. Biyu fumfuna ta cinye su, ɗaya zarensa ya manne. Inna tana cikin na huɗu, wurin kamun wata gwaggona, zaune a tabarma ana kiɗan ƙwarya. Minti shida kawai ta bayyana. Ta yi wa amarya nasiha, ta tsokani wata abokiyar wasanta, ta yi dariya tana rufe baki da gefen mayafi. Baffa ya kalla sau uku bai ce uffan ba, sai a ƙarshe ya ce, "Haka take dariya. Allah Ya yi maka albarka."

Ni kuma a matsayina na mai koyon rubutu, abin da na samu ya wuce hoton. Na ji yadda tsohuwar Bakatsiniya take gina zance, yadda take alkunya ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, yadda take sa habaici a tsakiyar addu'a. Na cika shafi huɗu da kalmomi da salon magana da ban taɓa ji a bakin sa'o'ina ba. Mu da muke son rubuta labarin da ya faru a ƙauye shekaru talatin baya, ga inda za mu ji yadda mutanen suke magana da gaske, mu ga ɗinkin rigunansu da kwanukan jeren ɗakinsu. Biyun da fumfuna ta ci kuwa, ɗaya an rubuta "Dawowar Alhaji" a jikinsa, kuma babu wanda zai sake ganin abin da ke ciki.

Manomin rani a wajenmu idan ƙarfen injin ban-ruwa ya lalace, cire shi yake yi ya tafi da shi kasuwa a gwada a gabansa. Haka ya kamata mu yi. Ka ɗauki laftof ɗinka zuwa shagon, ko a Funtua ne ko a Kano, a soka na'urar a gabanka ka ga lambarta, ku kuma yi magana a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka. Sayen ta a kwali rufe cinikin biri a sama ne. Ƙungiyoyinmu na marubuta ma za su iya haɗa kuɗi su mallaki na'ura ɗaya da aka tabbatar da ita, tare da bidiyo mai lafiya, 'yan ƙungiya su riƙa karɓa bi da bi. Sai dai a tuna abin da ke cikin waɗannan kaset amana ce, akwai iyayenmu mata a cikin gida ba su san duniya za ta gan su ba. Kada a ɗora komai a intanet sai da izinin masu shi.

Wanda yake da kwali irin wannan a gida, ya buɗe shi kafin damina ta sake zagayowa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.

Naku, daga Malumfashi.