Motar Baba Da Motocin Amurka

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta sarƙe tsakanina da yayana a hutun da ya wuce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana tsohuwar Peugeot 504 a ƙofar gida. Na ce a sayar in biya kuɗin makaranta, shi kuwa Yaya ya ce atafau. Hujjarsa ita ce ya karanta cewa a 2014, a birnin Siyatil na Amurka, an yi gwanjon wata Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 a kan dala miliyan 3.5. Wai mu ma in mun yi haƙuri tamu za ta zama zinariya.

To, da yake Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, sai na shiga bincike. Ashe waccan mota tana cikin jinsin da Amurkawa ke kira motoci masu ƙwanji, wato madaidaiciyar mota wadda aka ɗora wa ƙaton inji mai silinda 8. An fara yayinsu da Pontiac GTO a 1964, amma ba su yi nisan kwana ba. Kuɗin inshora ya hau, dokar hana gurɓata iska ta 1970 ta matsa, sa'an nan tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa su.

Abubuwa uku na gano suna sa musu tsada. Na farko shi ne ƙaranci. Irin waccan 'Cuda, mai injin Hemi mai ƙarfin doki 425, wadda kuma ake naɗe rufinta, ba su wuce 12 ba aka ƙera a shekarar. Haka nan Dodge Charger Daytona ta 1969, guda 503 kacal aka yi, domin a wancan lokacin hukumar tseren NASCAR ba ta yarda mota ta shiga tsere sai an ƙera 500 don sayarwa.

Na biyu shi ne masu so. Plymouth Superbird ta 1970, mai dogon hanci da ƙaton fiffike a baya, ba ta kai 2,000 ba, amma duk da haka wasu sun daɗe jibge a wurin dillalai babu mai taya su. Sai da samarin da suka ga Richard Petty yana tsere da ita suka manyanta, aljihunsu ya yi nauyi, sa'an nan suka shiga rububin sayen abin da suka yi sha'awa da ƙuruciya. Ashe ƙaranci ba ya kawo kuɗi sai da mai bege.

Na uku shi ne shaidar asali. Masu saye sukan duba lambar inji su gwada da ta jikin mota, in an taɓa sauya inji sai farashi ya faɗi.

Da na koma gida na zayyana wa Yaya wannan duka. Na ce, "Yaya, 504 fa an ƙera fiye da miliyan 3, har a Kaduna an harhaɗa ta. Ga shi kuma sau biyu Baba yana sauya wa tamu inji."

Ya yi shiru, can ya ce, "Ai na sani. In an ja ta aka tafi, me zan riƙa gani in na fito da safe?"

Nan bakina ya mutu, don na gane ciwon da ke sa attajirin Amurka zuba miliyoyi shi ne ke damun yayana, sai dai shi ba shi da ko sisi. Har yanzu motar tana nan, kaji na kwana a ƙarƙashinta, kuɗin makaranta kuwa rance na ci na biya. Ku da kuke karanta wannan, in ku ne, yaya za ku yi?