Akun da Na Saya a Kumasi

Tun ina yaro a zangon Kumasi nake sha'awar aku, saboda labarin wazirin aku da malaminmu ya karanta mana a Magana Jari Ce. Sai a shekarar 2012 na sami halin saye.

Mai tsuntsayen ya nuna mini guda biyu, dukansu masu launin toka da jan wutsiya. Babban idonsa rawaya ne, yana ta surutu. Ƙaramin kuwa idonsa baƙi, alamar bai shekara ba. Na zaɓi ƙaramin, don in koya masa magana da kaina.

Wata huɗu bai ce uffan ba. Daga baya ma ya shiga fizge gashin ƙirjinsa. Ashe kaɗaici ne ya dame shi, domin a daji aku cikin garke yake rayuwa, ni kuwa kullum sai in kulle shi a ɗaki in tafi kasuwa. Mahaifiyata ta ce, "Fito da shi tsakar gida, ya ga mutane." Nan ya zauna kusa da ita, tana ba shi gyaɗa, har gashin ya tsiro.

A 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, don sun kusa ƙarewa a dazuzzukan Gana. Da na sani, da ban saya ba.

Bai taɓa koyon kalma ɗaya daga bakina ba. Mahaifiyata ta rasu a 2019, amma har yau da asuba yakan kira sunana da muryarta, sa'an nan ya yi tarinta.