Dalolin Labanan da Amanar 'Yan'uwa

Cikin ƙararrakin da ake kawowa zauren maigidana a Zangon Kumasi, waɗanda ni ke shigar da su littafi, na tsofaffin sojoji ne suka fi tsaya mini a rai. Mutum ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, ya tara 'yan daloli a bakin ransa, ya damƙa wa ƙane ko suruki ya juya masa. Ranar da ya ajiye kaki sai a nuna masa motar haya a kan duwatsu, ko filin da wani ya riga ya zagaye da bulo. Idan maigida ya ce ina takarda, sai tsohon soja ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ɗan'uwana ne."

Soja ya bambanta da ɗan kasuwa a wuri guda: dukiyarsa tana kwana inda ba ya nan. Saboda haka kafin ya tambayi abin da ya fi riba, ya fara tambayar abin da zai jure rashin mai shi. Mota ba ta jurewa, tana son ido kullum. Fili yana jurewa, amma a Asante yawancin ƙasa tana hannun sarakuna, kuma takardar da sarki ya bayar mafari ce kawai. Sai an bincika a Hukumar Filaye, an yi rajista da sunan sojan kansa, ba na yayansa ba.

Ɓoye sidi a akwati ma ba mafita ba ce. A Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, abin da aka ajiye ya zube yana kulle. Takardun baitulmali na kwana 91 kuwa ruwa suke biya, kuma wanda ya zauna gaban malamai ya san hukuncin riba. Na fi ganin saye da hannun jari a sana'ar halal, ko shanu a hannun makiyayin da aka sani, da shaidu. Game da masu alkawarin riba mai tsoka duk wata, abin da ya sami masu ajiya a Menzgold bayan hukuma ta dakatar da shi a Satumba 2018 bai tsufa ba.

Abin mamaki, mu da aya mafi tsawo a Littafinmu, cikin Suratul Baƙara, take magana kan rubuta bashi da kafa shaidu, mu ne muke jin kunyar alƙalami tsakanin dangi. Samarin unguwa da ke cikin soja, idan sun zo sallama kafin tafiya, maigida kan sa in zaunar da su da wanda za su bar wa amana. Mu rubuta adadi, da abin da za a saya, da sunan da za a sa a takarda, mutum biyu su sa hannu. Wasu 'yan'uwan sukan ɓata rai. Wasu kuma, da sun ga na buɗe littafi, sai su ce a nemi wani ya riƙe.